Daga Lifidi Zuwa Zanen Gado: Tarihin Ɗinkin Haɗa Ƙyalle a Fagge da Sabon Gari

Duk wanda ya ratsa layukan telolin Fagge a goman ƙarshe na watan azumi zai ga wani abu da ido ya saba da shi har ya daina lura da shi, wato tarin ƙyallayen da ke zube a gindin kowane keke. Ga na atamfa, ga na shadda, ga na leshi, ga na yadin maza, wani kamar tafin hannu, wani ko faɗin yatsa biyu bai kai ba. In an tashi daga aiki yaron shago zai tattara su a buhu. Wasu bola za su nufa, wasu a cusa su a matashin kai, wasu kuwa yara mata ne za a aiko su karɓa su kai cikin gida. Waɗannan na ƙarshen su ne muke son mu bi sawunsu a wannan maƙala, domin a cikin gidajen ne ake mayar da su zanen gado da shimfiɗar jariri da mayafin sanyi. Mutanen Ingila da Amurka sun ɗauki irin wannan ɗinki babban abin sha'awa, suna da ƙungiyoyi da mujallu da gasa a kansa. Mu kuwa ko tsayayyen suna ɗaya ba mu ba shi ba. Wata ta ce haɗe-haɗe, wata ta ce haɗin ƙyalle, wata ta ce ai faci ne kawai.

Ya kamata tun farko mu bambance wa mai karatu ayyuka biyu da suke haɗuwa a cikin wannan ɗinki. Na farko shi ne a yanka ƙananan ƙyallaye masu launi daban-daban a harhaɗa su su zama babban zane guda. Na biyu shi ne a shimfiɗa auduga, ko wani abu mai taushi, a tsakanin zane biyu, sannan a bi da allura ana soke su gaba ɗaya layi-layi yadda audugar ba za ta gudu ta dunƙule a gefe ɗaya ba. Ana iya yin ɗaya ba tare da ɗayan ba. To amma idan suka haɗu a abu guda, shi ne cikakken aikin. Abin da zai ba mutane da yawa mamaki shi ne, na biyun ya daɗe ƙwarai a Kano, kuma a fagen yaƙi ya fara suna tun kafin a san shi a kan gado.

Rigar Yaƙi

Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, wanda kuma da yawanmu muka karanta da Hausa a cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, ya nuna cewa Sarkin Kano Kanajeji ɗan Yaji, wanda ya yi sarauta daga 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara shigo da lifidi da kwalkwali da sulke. Dalili kuwa shi ne yawan mutanen da ya rasa a yaƙinsa da Umbatu. Kwalkwali da sulke aikin maƙera ne. Lifidi kuwa aikin maɗinka ne tsantsa: zane biyu, a cusa musu audugar rimi ko ta gona a tsakani, a soke su da basilla da zare mai ƙarfi har su yi kauri. Ana yi wa doki nasa, ya rufe shi daga wuya zuwa kusa da gwiwa, ana yi wa mahayi nasa. Kibiya in ta zo sai ta nutse a cikin audugar, ƙarfinta ya ƙare, dafin da ke bakinta ma ya goge kafin ya kai ga fata. Ke nan fiye da shekaru 600 da suka wuce akwai mutane a Kano da suka san tazarar da za a bari tsakanin layin ɗinki da layin ɗinki, kuma ran mutum ne ya rataya a kan wannan sani nasu.

Lifidi yana da nasa aibin. Yana da nauyi, yana da zafi, kuma abincin wuta ne. Baturen nan matafiyi Hugh Clapperton ya ga 'yan lifidan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da idonsa a 1826, lokacin da aka kai wa Gobirawa hari a Konya, ya kuma ba da labarin yadda sai an taimaka wa mahayi kafin ya iya hawa dokinsa saboda nauyin kayan. Wanda ya faɗo kuwa tashi sai wani ikon Allah. Tun kafin nan, a Tabkin Kwatto a 1804, maharban jama'ar Shehu Usmanu sun karya rundunar Sarkin Gobir Yunfa duk da dawakinta da 'yan lifidanta. Abin da ya gama da lifidi a matsayin kayan yaƙi shi ne harsashi. Ranar 3 ga Fabrairun 1903 sojojin Kanar Morland suka shiga Kano da igwa da bindiga mai ruwa, daga nan auduga ba ta sake tare wa kowa mutuwa ba. Sai lifidi ya koma kayan ado. Duk shekarar da aka yi hawan Sallah muna ganin 'yan lifida a cikin jerin gwanon fada, kuma a watan Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Kano a cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana. Mai kallo yakan shagala da algaita da ƙarar bindiga. Da zai matsa kusa ya dubi jikin lifidin da kyau, da ya ga layukan ɗinkin nan a jere, iri ɗaya da wanda kakarsa take yi wa shimfiɗar jikanta.

Shi ma ɗaya aikin, wato haɗa ƙananan yanki su zama babba, ba baƙo ba ne ga maɗinkin Hausa. Masaƙanmu na gargajiya siririn sawu suke saƙawa, wani faɗinsa yatsa huɗu, na turkuɗi ma ko yatsa biyu bai cika ba. Kafin a sami riga ko zane sai an jera sawaye masu yawa an ɗinke su gefe da gefe da hannu. Lokacin da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851 ya ƙiyasta cewa tufafin da ake fitarwa daga garin a shekara sun kai na wuri miliyan 300, ana kai su har Tambutu da Murzuk da Ghat da Tarabulus. Kowace riga a cikin wannan dukiya sai da allura ta bi ta sawu-sawu. Ba banza ba aka sami unguwa guda a cikin birni mai suna Soron Ɗinki. Sai dai a wancan zamani ɗinki sana'ar maza ce, musamman malamai da almajirai, waɗanda suka shahara da aikin aska biyu da aska takwas a kan manyan riguna. Rabon mata a harkar tufa shi ne gurza auduga da shiɓa da kaɗi. Da mazari aka san macen Hausa, allura daga baya ta zo hannunta a matsayin sana'a.

Ƙofa Biyu

Yaya aka yi allurar ta shiga cikin gida? A nan ne Fagge da Sabon Gari suka shigo cikin labarin, kuma mu da muke ma'amala da kalmomi muna da wata hanya mai sauƙi ta gane rawar da kowannensu ya taka. Mu ɗauki kayan aikin mai wannan ɗinki mu tambayi kowanne daga ina sunansa ya fito. Allura da almakashi da katifa, har da shi kansa lifidi, duk daga Larabci suke. Tela da faci da yadi daga Ingilishi suke. Keke kuwa, da anko wanda yake cika buhun tela da ƙyalle iri ɗaya, daga bakin Yarbawa muka karɓe su. Kashin farko ta hamada suka zo a kan raƙumi. Kashi na biyu ta teku suka zo, jirgin ƙasa ya ƙaraso da su. Fagge ita ce ƙofar na farkon, Sabon Gari ita ce ƙofar na biyun, kuma titi ɗaya ne ya raba su.

Fagge tsohuwar unguwa ce. Ruwayar da aka fi sani tana danganta kafuwarta da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ne kuma ya kafa Kasuwar Kurmi. Zango ce a bayan ganuwa inda ayarin Azbinawa da sauran fataken arewa suke sauke raƙumansu. Ta wannan hanya ta hamada alharini da mulufi da allurai da takarda suke shigowa, tufafin Kano da fatu su fita. Wurin da aka gina shi don baƙo ba ya ƙyamar sabon abu, wannan hali kuwa ya bi Fagge har zuwa yau.

Sabon Gari kuwa ɗan jiya ne in an gwada shi da Fagge. Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, aka buɗe ta ga 'yan kasuwa a 1912, a 1913 kuma Turawa suka yanka filin Sabon Gari domin ma'aikatan jirgi da akawuna da masu sana'a da suka biyo dogo daga kudu: Yarbawa, da mutanen Saliyo, da na ƙasar da ake kira Gana a yau, da Nufawa, daga baya kuma Ibo masu yawa. A cikin kayan da waɗannan mutane suka sauke a tasha akwai keken ɗinki. Wani abin lura a nan shi ne, a shekarar nan ta 1851 da Barth yake lissafin rigunan Kano, a cikinta ne Isaac Singer ya yi rajistar kekensa a Amurka. Sai da aka yi wajen shekaru 60 kafin keken da garin su haɗu sosai, amma da suka haɗu ɗin sunan mutumin ya zauna daram a bakinmu, har ga shi muna da kasuwa sukutum da ake kira Singa, ko da yake yau shinkafa da sukari da taliya aka fi saninta da su.

Turawan mulki sun so jirgin nan ya riƙa kwasar audugar ƙasar Hausa zuwa masaƙun Lankasha. Manoman Kano suka duba farashi suka zaɓi gyaɗa. Kuɗin gyaɗar nan ne ya ba talaka ikon sayen yadin kanti, akoko da alawayyo da atamfa, daga kantunan Turawa da na Kwarori, wato Siriyawa da 'yan Labanan, waɗanda aka ba su wurin zama a Fagge ta Kudu, inda Kantin Kwari yake a yanzu. Wannan sauyi yana da muhimmanci ga labarinmu fiye da yadda za a zata. Rigar sawaye kusan ba ta barin saura, domin a kan faɗin sawun ake lissafin ɗinkinta, ɗan abin da aka yanke a nan a mayar da shi can. Yadin kanti mai faɗi kuwa, idan aka zo yanka masa wuya da hannu da hammata irin na sabon yayi, dole ya zubar da ƙyalle. Wato keke da yadin kanti su ne suka haifi buhun nan na gindin tela. Kafin su, babu ƙyallen da za a haɗa sai tsumma.

Bugu da ƙari, yadin kanti ya kashe wa mata kasuwar zarensu sannu a hankali. Matar da take cikin kulle, wadda da kuɗin kaɗi take yin bikinta da adashinta da kayan ɗakin 'yarta, tilas ta nemi wata sana'ar. Wasu suka koma ƙosai da ƙuli-ƙuli da dafa-duka, wasu suka ɗauki allura. Ɗinkin hula ya shiga hannun mata, haka ma yi wa zanen gado da rigar matashi ado da zare mai launi, a zana fure ko tsuntsu ko jirgin sama. A ɗaya gefen titin kuma, makarantun mishan na Sabon Gari sun mayar da aikin allura darasi na dole ga 'yan mata, kuma matan Katolika na Sen Luwis da suka iso Kano a 1948 sun ci gaba da wannan. A irin waɗannan azuzuwa ne ake koyar da yanka ƙyalle murabba'i ko mai kusurwa uku a kan ma'aunin kwali, yadda kowane yanki zai yi daidai da ɗan'uwansa. Matan Sabon Gari ba sa kulle, suna buɗe shago suna ɗinka wa mata kaya, kuma a wurinsu matan Fagge da yawa suka fara ganin mace a kan keke.

Kada mai karatu ya ɗauka zaman unguwannin nan biyu zuma ne da madara. A watan Mayun 1953 a kan iyakarsu aka gwabza rikicin da ya biyo bayan zuwan tawagar jam'iyyar Action Group, aka rasa rayuka. A 1966 abin ya fi haka muni, Ibo suka bar Sabon Gari da abin da hannunsu zai iya ɗauka, sai bayan da yaƙin basasa ya ƙare a 1970 suka fara dawowa. A 1983 gwamnatin Shagari ta kori baƙin da ba su da takardu, teloli 'yan Gana da yawa suka bi ayarin. Duk da haka sana'ar ba ta fasa tsallaka titi ba. Yaron Fagge ya koyi yanka a wurin Bayarabe, Bayarabe ya koyi aikin wuya a wurin Bahaushe, daga baya teloli daga Senegal da Mali suka zo da nasu salon ɗinkin shadda, har Fagge ta zama inda ango da ɗan siyasa suke kai ɗinkinsu in suna son a san sun sa kaya.

A Cikin Ɗaki

Yanzu bari mu bi yarinyar nan da buhunta mu shiga cikin gida. Kafin a zare allura akwai wata magana da mata masu tsoron Allah ba sa wasa da ita: ƙyallen nan na wane ne? Mai kaya ya sayi turminsa yadi 6 da kuɗinsa, ya biya ladan ɗinki, saboda haka abin da ya ragu nasa ne har sai ya yafe. Al'ada ta ɗauka cewa ɗan ƙaramin da ba zai yi komai ba an yafe shi, amma wanda zai fitar da rigar yaro ko ɗankwali dole a mayar. Tela nawa ne sunansa ya ɓaci a unguwa saboda an ga 'yarsa da rigar da ta yi kama da zanen wata? Shi ya sa za ka ji tsohuwa tana ja wa jikarta kunne cewa ta tambayi telan ko masu kayan sun bar masa. Ba ta son ta lulluɓe jariri da haƙƙin mutane.

Aikin kansa yana da ƙa'idojin da ba a rubuta ba, uwa ce take nuna wa 'ya. Ana fara wanke ƙyallayen, domin wani yana zuba, wani yana tsukewa, wani kuma sitaci ne kawai ya riƙe shi, da ya sha ruwa sai ya zama matacin koko. Ba a haɗa mai nauyi da marar nauyi a wuri ɗaya, in aka jera shadda kusa da leshi to shaddar za ta yaga maƙwabcinta tun wankin farko. Ana ware masu duhu da masu haske, a jera su a kan tabarma ana sauya musu wuri har sai ido ya gamsu, kuma a nan ne ake gane mai basira. Wata ba ta taɓa shiga aji ba, amma ta san cewa ja ba ya son zama kusa da ja, kuma baƙi ɗan kaɗan yana fito da hasken sauran. In fuskar ta haɗu sai a nemi abin tsakiya, ko auduga da aka shiɓe, ko tsohon bargo, ko tsofaffin zannuwa biyu, sannan a sa shafi a ƙasa. A kama su da dogon ɗinki na wucin gadi, a fara sukar gaske daga tsakiya ana yowa baki. Wadda ta fara daga baki za ta tarar da tulluwa a tsakiyar gadonta.

Wannan ba aikin kwana ɗaya ba ne, ba kuma na mako ɗaya ba. Lokacinsa shi ne tsakanin azahar da la'asar in an sauke tukunya, ko bayan isha'i in yara sun yi barci, rediyo na gefe. Yana da kakarsa kamar amfanin gona: ƙyalle yana yawa bayan ƙaramar Sallah da babbar Sallah da lokacin bukukuwa, mai hankali kuma takan fara da wuri don ta gama kafin hunturun Disamba da Janairu ya kankama. Ga kuma abin da duk mai wannan sha'awa ta sani, ko a Fagge take ko a Landan: aikin da aka fara ba a gama ba. Kusan kowace tsohuwar adaka ko akwatin ƙarfe za a sami irinsa a ƙasanta, rabin zanen gado da allura a soke a jikinsa ta yi tsatsa. An fara shi don auren wata, sai aka matso da ranar, aka tafi Kwari aka sayo na kanti. Ko an fara don wani ciki, sai Allah bai raya ba, hannu ya kasa komawa kansa. Wani sai bayan mai shi ta rasu 'ya'ya suke ganinsa wajen rabon gado, wata a cikinsu ta ɗauka ta ƙarasa. Marubucin da yake neman labari bai kamata ya wuce irin wannan akwati ba.

Akwai mai cewa ai wannan alamar talauci ce, wa zai shimfiɗa wa baƙo faci? Gaskiya ne babu ce ta fara koya wa mutane shi, kuma kasuwarsa takan tashi ne in rayuwa ta yi tsada. Bayan da gwamnatin Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu a 1986, darajar naira ta faɗi, atamfar Holan ta gagari matar ma'aikaci, mata da yawa sun koma kan keke. Cibiyoyin mata na Hukumar Ilimin Manya da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a 1980, da na shirin kyautata rayuwar matan karkara da Maryam Babangida ta fara a 1987, sun koya wa matan aure ɗinki da saƙa, keken Butterfly na ƙasar Sin kuma ya shiga jerin kayan da uba yake yi wa 'yarsa. Amma faci yana da wata daraja a tarihin Musulunci da masu raina shi suke mantawa. An ruwaito cewa Sayyadina Umar yana halifa yana sa riga mai maho. Sufaye sun mayar da riga mai faci alamar gudun duniya. Mabiya Mahadin Sudan, waɗanda Ingilishi suka yaƙa a Omdurman a 1898, jibba mai faci ce kayan sarkinsu, kuma da tafiya ta yi tafiya sai facin ya zama ado da ake yankawa da gangan a jera shi bisa tsari. A Senegal har yau ana gane 'yan Bay Fal na ɗariƙar Muridiyya da rigunansu na haɗin ƙyalle.

Wani misali daga nesa zai ƙara mana haske. A jihar Alabama ta Amurka akwai wani ƙauye da ake kira Gee's Bend, mazaunansa jikokin bayi ne baƙar fata. Matan wurin sun daɗe suna haɗa barguna da tsofaffin wandunan aikin gona da buhunan da aka zubar, don kawai su kare 'ya'yansu daga sanyi. A 2002 aka baje kolin waɗannan barguna a gidan adana kayan fasaha na birnin Houston, daga nan aka kai su New York, masana suka yi ta jinjina musu, a 2006 har hotunansu suka hau kan sarkin aika wasiƙa na Amurka. Hannun matan bai sauya ba tsakanin 2001 da 2002. Abin da ya faru shi ne wasu sun zo sun tambayi sunan kowace mai aiki, sun rubuta, sun ɗauki hoto.

A nan ne namu ya sami naƙasu. David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya yi dogon bincike a kan adon tufafin Hausawa, ya kuma shirya baje kolin fasahar Hausa a Landan a 1976. Polly Hill ta yi rubutu a 1969 a kan cinikin da matan Hausa suke yi daga cikin gida ba tare da an gan su a kasuwa ba, Enid Schildkrout kuma ta yi nazarin matan birnin Kano da yaran da suke yi musu talla a shekarun 1970. Sun yi ƙoƙari, sai dai baƙi ne, da Ingilishi suka rubuta, kuma riga da hula da kuɗin shiga ne suka fi jan hankalinsu. Babbar riga ana adana ta, ana gadonta, tana shiga gidan tarihi. Zanen gadon haɗi kuwa amfani ake yi da shi har ya mutu: daga gadon uwargida ya koma na yara, daga nan ya zama shimfiɗar fitsari, ya zama tsumman goge ɗaki, ya ƙare a matsayin abin sauke tukunya. Ga shi kuwa kowane ɗaya kundi ne. Mai shi za ta iya nuna maka da yatsa: wannan ankon bikin wance ne, wannan rigar makarantar wane ce, wannan atamfar jam'iyya ce ta zaɓen 1979, wannan zanen da Alhaji ya zo da shi daga Makka ne. A ganinmu, ɗalibin da ya zauna da kakarsa awa biyu a kan zane guda irin wannan, da biro da littafi a hannunsa, zai fito da tarihin gidansu fiye da wanda zai samu a wurin maza a zaure, domin maza sarauta da gonaki suke tunawa, mata kuwa suna tuna shekarar da aka yi kowane aure da kowace haihuwa da kowane rashi.

Mu malaman makaranta mun ga yadda darasin aikin hannu ya lalace a gabanmu. A da yarinya takan kawo abin da ta ɗinka da hannunta a duba a ba ta maki. Yanzu a makarantu da dama tsintsiya ake karɓa, ko sabulu, ko kuɗi a madadin aikin, a rubuta mata maki 80 a kan abin da ba ta taɓa ba. Ɗakunan koyon tattalin gida da aka zuba wa kekuna sun koma wurin ajiye karyayyun kujeru.

Kasuwa ma ta juya. Katifar soso, wadda kamfanoni irin su Vitafoam da aka kafa a 1962 suka yaɗa, ta ture katifar auduga da masu ɗinka ta. Masaƙun da suke ba mu atamfar gida mai jure wanki sun durƙushe ɗaya bayan ɗaya: kamfanin UNTL na Kaduna, wanda ya fi kowanne girma, ya rufe a 2007, na Bompai da Sharaɗa da Challawa su ma yawancinsu sun yi shiru. Kantin Kwari ta cika da yadin ƙasar Sin, har ta kai ga a 2012 jami'an shige da fice sun kama 'yan kasuwar Sin da suke sayar da yadi a cikinta. Yawancin wannan yadi roba ce, yana da arha, yana da ƙyalli, amma yana santsi a ƙarƙashin allura, ba ya shan gumi, kuma haɗinsa ba ya daɗewa. Ga bargunan gwanjo a Ƙofar Wambai da kasuwar Sabon Gari, wanda kuɗin guda bai kai ladan wahalar mako ɗaya ba.

Duk da haka allurar ba ta faɗi ba, wurin zama ta sauya. 'Yan mata da yawa a Fagge da Sabon Gari da unguwannin da ke kewaye da su yanzu suna sayen yadin zanen gado a Kwari, su sayi audugar roba da ake kira fayiba, su shimfiɗa ta tsakanin yadi biyu su bi da keken lantarki layi-layi, su fitar da bargo da rigunan matashi na kayan ɗakin amarya. Suna ɗaukar hoto da waya su sa a WhatsApp da Instagram, mai so ta turo kuɗi ta banki, ɗan sahu ya kai mata har gida, aikin da 'yar talla take yi a da. Wasu kuma sun koma wa buhun tela da gangan, suna haɗa ƙyallen atamfa suna yin jaka da rigar kujera da shimfiɗar tebur, suna sayar wa matan ma'aikata a Nasarawa da Abuja a farashin da zai sa kakanninsu su riƙe baki. Teloli sun farga, wasu sun fara sayar da buhun da a da suke roƙon a zo a kwashe musu.